Mangwaron Takarda a Aji Ɗaya

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ƙarar almakashi ce nake ji ta bayan bangon ɗakina kullum bayan azahar, lokacin da gari ya yi tsit, kaji ma sun shige gindin rumbu. Ban daɗe da zuwa Kajiji daga Bodinga ba, domin nan aka turo maigidana aikin malamin gona a farkon mulkin farar hula. Nakan kasa kunne in ji keken ɗinki ya biyo baya, amma shiru. Kuma yadi ba haka yake kuka a bakin almakashi ba, kukansa mai taushi ne. Wannan kuwa busasshe ne, kamar ana taka ganyen kuka. Da na gaya wa maigidan sai ya yi dariya, ya ce, "Malama 'yar Gana ta, mai koyar da 'yan aji ɗaya. Takarda ta samu tana yanka. In kina so ki zagaya ki gaishe ta."

Na zagaya. Na yi sallama na ɗaga labule, sai na ga 'ya'yan itace na reto daga rufin ɗaki, kowanne da zarensa, suna juyawa a hankali ba wanda ya taɓa su. Ga lemo, ga mangwaro, ga ayaba, ga abarba wadda a littafin makaranta kawai na taɓa gani. Na yi bisimilla na kai hannu kan wani mangwaro, na ji shi ba nauyi, kamar sheƙar da tsuntsu ya bari. Malama na zaune bisa tabarma tana kallona. Ta ce, "Amarya, kada ki ciza, ba ya ƙosarwa." Daga ranar ta zama uwar ɗakina a wannan sana'a.

Na rubuta wannan ne saboda ku 'yan mata da kuke zuwa wurina daga makarantar horon malamai, da ku jikokina, masu cewa wannan ai wasa ne, a yanka takarda a manna. Kuna da gam na kwalba da takarda mai launi daga kanti, cikin rabin yini kun cika faranti. Ban ƙi ba. Amma ku ji yadda aka yi aikin a lokacin da ba ko ɗaya, da abin da ya sa nake hana ku wasu abubuwa in kun zo.

Aikin farko da ta ba ni tsince takarda ne. Buhun siminti muke samu wurin magina, domin lokacin ko'ina gini ake yi. A ɓare fallen waje mai rubutu da na ciki mai ƙurar siminti, a ɗauki na tsakiya. Sai tsofaffin jaridu da takardun jarrabawa. Ni na ƙara wa aikin wata ƙa'ida wadda ita ba ta da ita: kowace takarda sai na karanta ta tukuna, in da sunan Allah ko aya a ciki in yanke wurin in ajiye gefe. Ba ta taɓa yi mini gardama ba, har ita ma ta riƙa miƙo mini jaridar Hausa tana cewa in duba mata. Na kuma sa maigidana ya tambayi liman ko aikin ya halatta. Amsar da ya kawo mini gajeruwa ce: ɗiyan itace ba laifi, kada dai ta yi abin da ke da ido. Shi ya sa har yau ban taɓa yin tsuntsu ko kifi ba, ko da an roƙe ni.

Lemo na fara yi da hannuna, kuma shi nake ba duk mai koyo. A yanka takarda siri-siri kamar faɗin yatsa, a jera, a huda kai da gindi da basilla, a zura zare a ja, sai a baza su su yi ƙwallo. Yaro ɗan shekara shida yana iya yin sa. Nawa na farko ya fito kamar kan albasa da mota ta taka. Malama ta riƙe shi ta juya, ta ce, "Wannan lemon ya sha wahala a hanya." Daga nan ta nuna mini cewa takarda tana da gefen da take son lanƙwasa da gefen da take ƙi. In kika yanka ta inda ta ƙi, za ta karye maimakon ta yi ciki.

Mangwaro shi ne aikin gaske. A gina surarsa da laka, a bari ta bushe, a shafe ta da man gyaɗa. Sai a yayyaga takarda da hannu, domin bakin yagaggiya ya fi kwanciya, a riƙa tsomawa a koko ana liƙawa falle bisa falle. A shanya a inuwa, don rana tana sa ya murɗe. In ya bushe a tsaga shi biyu da reza, a fid da lakar, a zura zaren rataya, a haɗe bakin. Kokon nan shi ne ran aikin. Gasarar gero ce ake damawa ta fi ta sha kauri, a jefa ɗan gishiri don kada ta yi funfuna. Launi kuwa daga madafi muke ɗebo shi: gangamau ya ba da rawaya, soɓorodo, wato zoɓo, ya ba da ja, garin kuka ya ba da kore, a kwaɓa kowanne da ruwan ƙaro don ya kama ya yi sheƙi. Burushinmu asuwaki ne da aka tauna. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa: in ban da takardar da zaren, babu wani abu a jikin mangwarona da mutum ba ya ci.

Masu saye iri-iri ne. Malaman firamare su ne na gaba, domin an buɗe makarantu har ƙauyen da mota ba ta zuwa, ga littafi na cewa tuffa da inabi, yara kuwa ba wanda ya taɓa ganinsu. Sai iyayen amare, a cika faranti a aza bisa kabad. Akwai mai ɗaukar hoto a Bodinga da yakan aiko duk sallah a sabunta masa kwandonsa. Wata tsohuwa daga Dingyadi ta je ganin ɗaki, ta faki ido ta sa lemona cikin zane, da ta isa gida ta sa masa wuƙa. Ta aiko a gaya mini wai Allah ya isa, ta tara jikoki ta ji kunya. Na aika mata da na gaske daga kasuwa muka shirya.

Babban aikin da na yi ni kaɗai wani mangwaro ne kamar kan jariri, na bikin buɗe sabon ginin aji ɗaya. An ari tsani wurin kafinta aka ɗaure shi can a ƙarfen rufi, saman allo, inda ko dogon mutum ya hau teburi ba ya kaiwa. Sauran kuwa a igiya suke, jere da bango, daidai inda malami zai nuna da sanda.

Yara sukan cika mini tsakar gida in ina shanya. Cikinsu akwai wasu 'yan biyu, Hassana da Husaina, ɗiyan wata mata mai yi wa mutane surfe. Ba su da surutu, sai su tsuguna kafaɗa da kafaɗa suna kallon hannuna. Kun san 'yan biyu ba a ba ɗaya a hana ɗaya, kuma ba a bambanta musu. In na ba su wanda ya lalace, sai na nemo wani lalatacce irinsa. In babu, in yi sabbi biyu.

Malama ta tafi shekarar da aka ce baƙi su koma ƙasashensu. Ta bar mini almakashinta da basillarta, ta ce in kula mata da aji ɗaya. Daminar wannan shekarar ruwa ya ɗauke gero na tsaka da fid da kai. Kafin a kai bazara rumbuna sun yi ƙasa, maza sun watse cin rani, turmi ya daina kuka a gidaje da yawa. Soja suka karɓi mulki. Magina sun tsaya, don haka buhun siminti ya ɓace. Ƙyanda ta shigo gari ta ɗauki yara, cikinsu har da Hassana. Husaina ta tashi, amma ta daina zuwa gidana.

Takardar da na samu a lokacin hotunan 'yan takarar zaɓe ce. Kowa tsoro ya kama shi, ana ta ɓanɓaro su daga bango da ƙofar shago, yara suka riƙa kawo mini rungume. Ban taɓa aiki da takarda mai kyau irinta ba, ga kauri ga santsi. Sai nake kifa fuskar ciki, farin bayan ya dubi waje. Hedimasta Malam Sanda ya aiko a sabunta duk na aji ɗaya, domin an ce masu duba makarantu na yawo ba sanarwa, kuma ba su da wasa. Na tara 'yar gasarar da ke kwanciya a gindin ƙwarya in an tace kunu, na yi masa.

Ba su yi wata guda a igiya ba abu ya fara. Wata safiya malami ya kai sanda kan wani mangwaro, ya juya, sai ga rami a bayansa, cikin ramin kuma ido na kallon yara. Idon ɗan takara ne, amma wa zai tsaya ya yi wannan lissafi? Aji ya watse har da masu bin taga. Da aka duba sai aka ga ba shi kaɗai ba ne. Abin da ke ci ta baya yake ci, ta gefen bango, ya bar fuskar da ke duban aji lafiya lau. Kuma bibbiyu yake ci: lemo biyu, ko ayaba biyu, ba a taɓa samun ɗaya tilo ba. Aji kuwa da kwaɗo ake rufe shi in an tashi, mabuɗin na aljihun Malam Sanda.

Magana ta bazu. Wasu suka ce an yi ginin kan hanyar mutanen ɓoye. Wasu suka ce ni ce na rufe mutane cikin 'ya'yan itace, ga idanunsu nan. Wata mai tallar nono ta rantse ta bi ta bayan ajin da rana tsaka ta ji ana tsotsar abu a ciki, ƙofa a kulle. Iyaye suka fara hana yara zuwa. Malam Sanda dai ya ce shi ɓera ya sani.

Ranar wata Alhamis, bayan an tashi makaranta, ya aiko mini da wasu daga waɗanda aka ci cikin kwando in gyara. Na zauna a inuwar zaure ta ciki na fara dubawa. Aikin ɓera na san shi, yana barin ɓarɓashi, bakin ramin kuma kamar an goga zarto. Gara tana barin ƙasa. Wannan ba ko ɗaya. Bakin ramin ya jiƙe ya sake bushewa, an tsotse kokon tas, an bar takardar fara. Na duba zaren, na ga ba a tsinke shi ba, kwance shi aka yi aka sake ɗaurewa, da irin ƙullin da yara ke yi wa bakin zane. Na ɗauki wata ayaba na fito da ita rana. Sawun haƙora ne a jere, ƙanana, a tsakiyarsu kuma wuri biyu ba sawu. Giɓin mai famfara.

Maigidana na bakin randa yana alwala. Ya hango ni ya ce, "Ki bar wahal da kanki, yau dai ɓeran nan ya gama. Malam Sanda ya amshi garin maganin ƙwarin albasa wurina, ya ce da an tashi zai barbaɗe su dut."

Na ce, "Malam, ya barbaɗa ko zai barbaɗa?"

"Ai yanzu kam ya gama. Mi ya faru?"

Na miƙa masa ayabar. Ya dube ta, ya sa babban yatsa cikin giɓin. Bai ƙarasa alwalar ba. Ya ce, "Ɗauko mayafinki ki yi gaba, ni in biya in amso mabuɗi."

Ban taɓa ratsa Kajiji a irin wannan lokaci ba. Rana ta take, ƙasa na ƙuna ta cikin takalmi, ba kowa a hanya, ko akuya. Makarantar na bayan gari. Filin ya yi fayau, inuwar kowane gini ta shige ƙarƙashinsa. Na isa ƙofar aji ɗaya na ga kwaɗo a rufe. Warin maganin na fitowa ta ƙasan ƙofa. Na tsaya, sai na ji shi: tsut, tsut, a hankali, a tsaya, a sake. Na karanta abin da ya zo bakina, na kanga ido a tsagar taga.

Da farko duhu kawai na gani, sai igiyar 'ya'yan itace, duk sun yi fari da gari, waɗansu da idanu a buɗe. Can ƙarƙashin teburin malami na hango ƙafafu biyu sirara.

Na ce, "Wa ke nan? Inna ce mai lemo. Aje abin da ke hannunki, ɗiyata."

Tsotsar ta tsaya. Na sake magana.

"Ba dukanki za a yi ba. Tofar da na bakinki, ki ji?"

Sai ga maigidana da Malam Sanda a guje, hedimasta ba ko hula. Ya zura mabuɗi a kwaɗon. Da ƙofa ta buɗe na riga su shiga. Husaina ce. Ta rame har sai da na dubi fuskar sau biyu. Ashe in za a tashi sai ta laɓe ƙarƙashin teburi, in ta gama ta fita ta taga ta jawo ta.

Na kama haɓarta na buɗe bakin, na shinshina, na duba yatsunta. Ba gari, ba wari. Sannan na dubi abin da take ci. Babban mangwaron nan ne na bikin buɗe aji. Ta raba shi biyu daidai kan layin da na haɗe, rabi na cinyarta, rabi ta aje a gefenta bisa ƙasa, an share wurin da hannu. Shi ma na gefen an ci bakinsa.

Malam Sanda ya ɗaga kai sama, mu ma muka ɗaga. Zaren na nan a ƙarfen rufi, ba a tsinke ba, yana lilo kaɗan-kaɗan. Tagogi a rufe suke, ba iska. Ya ce, "Wanga kam ban kai gare shi ba. Na hau tebur, na aza kujera, ban kai ba, shi ɗai na bari." Ya dubi teburin, yana inda yake, kujera na bayansa. Maigidana ya saɓi yarinyar a kafaɗa, muka ɗura mata nono, aka kai ta ɗakin shan magani. Malamin ɗakin maganin ya duba ya ce ba abin da ya same ta sai yunwa.

Da la'asar muka kwashe duk na igiyar muka ƙone a rami bayan makaranta. Malam Sanda ya tsaya har wutar ta mutu. Washegari bayan Juma'a ya yi magana da liman, aka fara karɓar ɗan abin da ya samu daga gidajen da ke da sauran hatsi, ko da cikin tafi ne. Ni ke damawa, a kai makaranta a bokiti kafin a tashi. Kunun ba kauri, amma an sha har ruwa ya sauka. Da masu duba makarantu suka zo, bango ba komai sai igiya, ba su ma tambaya ba.

Ga dalilin ƙa'idodina. Ban yarda a sa wa abin da za a rataya gaban yara wani abin da ba a haɗiya ba, ko a gam, ko a launi, ko don ƙwaro. In kuna tsoron gara, ku sauke su ku kakkaɓe duk mako. Ban kuma ƙara aiki da takarda mai fuska ba, ko a kife. Kuma in kuka ga an taɓa aikinku, kafin ku ce ɓera, ku fito da shi rana ku duba.

Husaina ta koma zuwa gidana. Ban tambaye ta komai ba sai da ta yi ɗan kumari. Wata rana ina yayyaga takarda tana tsugune a gefena, ta bar wuri a damanta kamar yadda suka saba. Na zuba mata kunu a moɗa, ta tsaya tana kallona, sai na tuna na zuba na biyu na aje. Na ce, "Husaina, ran nan mi ya hana ki cin na igiya? Kuma wa ya sauko miki da na sama?"

Ta kurɓi kunun, ta share baki da bayan hannu.

"Hassana ta. Ita tac ce kada in taɓa na ƙasa yau, an zuba musu mugun abu. Sai tad ɗauko muna na bisa. Ai yanzu ta hi ni tsawo, Inna."